Zare: kalmar rose, turaren wardi, da madobiyar bayan gonarmu

1/ Yau zaren nawa yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Magana ce kan kalma ɗaya ta Turanci: rose. Na san wani zai ce ina ruwan ɗan Tungar Guru da furen masoya. Ni ma da haka na ɗauka, sai da na gano kalmar nan ta ci dazuzzuka a ƙasar nan. Ku biyo ni a hankali.

2/ Ga abin da ya jawo. A zangon karatun da ya wuce an ba mu wata takarda kan fataucin katako, ana ta maimaita rosewood, rosewood. Ni a zatona wani icce ne na Turai ko Indiya. Da na bi sunansa na kimiyya, Pterocarpus erinaceus, sai ga madobiya. Madobiyar da kawu ke sare wa shanu ganyenta da bazara. Wallahi sai da na ajiye wayar.

3/ Tun ran nan na fara tara kalmomin Turanci masu rose a jikinsu. Abin da na lura, da yawansu babu ruwansu da furen kansa. Wasu launi aka bi, wasu ƙamshi, wasu kuwa kunne ne ya ji ba daidai ba. Uku daga ciki sunayen tsirran gidanmu ne. Amma bari mu faro daga tushe.

4/ Rose da Hausa wardi ne. Ba "fulawa" ba, fulawa kowane fure ne. Mun aro wardi daga Larabci, ward. Su ma Larabawa aro suka yi daga tsofaffin harsunan ƙasar Farisa. Girkawa na cewa rhodon, Rumawa na cewa rosa, kuma masana harshe da yawa suna mai da su duka ga wannan tushen na Farisa.

5/ Ke nan rose da wardi ɗan wa da ɗan ƙane ne. Ɗaya ya bi ta Rum ya faɗa Ingila, ɗayan ya bi ta ƙasashen Larabawa ya ƙetaro Sahara ya iske mu. Farisawan yau suna cewa gul, ruwan wardi kuma gulab. Daga nan Turanci ya samo julep, wani abin sha mai zaƙi. Masu kallon fim ɗin Indiya kuma kun san gulab jamun, to shi ne dai.

6/ Sai rose water, ruwan wardi. Fure ba ya jure tafiyar raƙumi ta wata biyu, shi ya sa kakanninmu suka san ƙamshin tun ba su ga furen ba. Ruwansa da mansa ne suka zo a kwalba. A ƙarni na 9 malamin Bagadaza al-Kindi ya rubuta littafi sukutum kan haɗa turare da tace shi, da hanyoyi sama da 100.

7/ Yadda ake yi: a zuba furen a tukunya da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururi ya ɗebi ƙamshin ya bi bututu, ya huce, ya riƙa ɗiga. Abin da ya ɗiga shi ne ruwan wardi. Ɗan man da ke tasowa a samansa shi Bature ke kira attar of roses. Attar ɗin ma daga Larabci ne, iɗr, wato turare.

8/ Dalilin tsadarsa: sai an tara furen kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a samu kilo 1 na mai. Kuma da asuba ake tsinka, kafin rana ta shanye ƙamshin. Irin da aka fi amfani da shi sunansa Damask rose, wato wardin Dimashƙa. Yau ana nomansa a Kazanlak ta Bulgeriya, Isparta ta Turkiyya, Kashan ta Iran, da Ɗa'ifa.

9/ Alhazai sun san wardin Ɗa'ifa. Idan za a wanke ɗakin Ka'aba, ruwan zamzam ake haɗawa da ruwan wardi da turare. Don haka wanda ke ganin wardi kayan Turawa ne na ranar masoya, ya sake lissafi.

10/ Ga shaida daga gida. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya yi lissafin kayan da ake shigowa da su daga arewa. Kanumfari da sauran kayan ƙamshi ya ƙiyasta su wuri miliyan 15 a shekara. Man wardi shi kaɗai ya ba shi wuri miliyan 40.

11/ A lokacin wuri 2,500 ke yin dalar azurfa ɗaya, ku yi lissafi: dala 16,000. Ya kuma ce kaɗan ne ke fitowa kasuwa. Yawancinsa a ɗaki ake sayar wa sarakuna da manya, ko a kai musu gaisuwa. Wato wardi a ƙasar Hausa ƙamshin fada ne, talaka sai dai ya shaƙa in an wuce.

12/ Mu ma nan yammacin Zamfara muna kan hanya. Gummi babban zango ne na fataken goro masu zuwa Gwanja, nan ne cibiyar Kambarin Barebari. Ayarin da ya taso daga Kano da tufafi da kanwa da kayan arewa ta ƙasarmu yake ratsawa. Kalmomi ma haka suke tafiya, a bayan jaki tare da kaya.

13/ Kalma ta gaba: rosary. Duba ƙamus za ka ga carbi ko tasbaha. Asalinta Latin ne, rosarium, lambun wardi. Kiristocin Katolika sun ɗauki kowace addu'a kamar fure ɗaya, jerin addu'o'in kuma kamar lambu ko rawanin fure. Nasu carbin ƙwaya 59 ne. Namu 33 ko 99. Suna ɗaya a ƙamus, ibada daban.

14/ Wani abin sha'awa: a rubutun Larabci, ward na fure da wird na zikiri, wanda muke cewa wuridi, baƙaƙensu ɗaya ne, wasali ne ya raba su. Amma tushensu ba ɗaya ba ne. Wird daga isa mashaya ne, inda ake shan ruwa. Kar wani ya je ya ce ni na ce wuridi fure ne, don Allah.

15/ Sub rosa: a zahiri "ƙarƙashin wardi", ma'anarsa a asirce. A Turai ta da akan sassaƙa furen a rufin ɗakin shawara, alamar abin da aka faɗa nan ya tsaya nan. In ka ga an rubuta an yi taro sub rosa, ka fassara da "an yi ƙus-ƙus" ko "an shiga ɗaki an rufe ƙofa". Kar ka kawo fure cikin maganar.

16/ Haka in Bature ya ce rayuwa ba bed of roses ba ce. Na taɓa ganin an fassara "rayuwa ba gadon fure ba ce". Wa ya taɓa kwana kan fure a garinku? Muna da namu: ba kullum ake kwana a gado ba. In ya ce babu wardi marar ƙaya, mu zuma muka sani, mai son ta sai ya shirya wa harbi.

17/ Akwai na bogi ma. Rosemary, ganyen da ake sa wa nama, ba rose a ciki ba Mary. Latin ne ros marinus, raɓar teku. Kunnen Ingilishi ne ya ji abin da ya saba ji ya gyara kalmar. Kamar yadda muka mai da screwdriver sukundireba, sai dai mu ba mu ƙirƙiro mata labari ba.

18/ Yanzu tarihi. Wars of the Roses, yaƙe-yaƙen wardi. Rikicin sarauta ne a Ingila daga 1455 zuwa 1485 tsakanin gida biyu na zuriya ɗaya. Gidan York alamarsu farin wardi, gidan Lancaster ana danganta su da ja. An ƙare a fagen Bosworth, inda aka kashe Sarki Richard na Uku, Henry Tudor ya hau.

19/ A 1486 Henry ya auri Elizabeth 'yar gidan York, aka haɗa fari da ja aka yi tambari ɗaya, Tudor rose, wanda har yau alamar Ingila ce. Amma ga inda nake son ku lura: waɗanda suka yi yaƙin ba su kira shi da wannan suna ba. Sai bayan littafin Walter Scott na 1829 sunan ya bazu. Shekara fiye da 300 tsakani.

20/ Shekara talatin ana yanka juna kan gadon sarauta, wani ya zo daga baya ya sa wa abin sunan fure. Mu Zamfarawa mun san wannan ciwon. An jera mu cikin "Banza Bakwai" tare da Kabi da Yawuri, alhali Birnin Zamfara daula ce mai ƙarfi kafin Gobirawa su ci ta a shekarun 1760, sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna Anka.

21/ Ba Bazamfare ne ya raɗa wa kansa banza ba. Wanda ke riƙe da alƙalami shi ke raɗa suna, sauran mutane su haddace a makaranta. Ku riƙe wannan, don shi ne zai kai mu ga tsirran nan uku da na ce.

22/ Na farko: roselle. Wannan sure ne, wanda Kanawa ke cewa yakuwa. Wanda muke kwaɗo da miya da ganyensa, mu yi zoɓo da jan kofin da ke riƙe da 'ya'yan, mu yi daddawar batso da gurguzunsa. Ba dangin wardi ba ne ko kusa. Danginsa kuɓewa, rama da auduga.

23/ Masu ƙamus da dama na ganin roselle daga Faransanci oseille ta fito, wani ganye mai tsami, jan launin ya sa baki ya karkata zuwa rose. A Nijar masu Faransanci har yau oseille suke cewa. A Sanagal bissap, a Sudan da Masar karkade, a Meziko kuwa jamaica.

24/ Na ambaci Meziko da gangan. Su ne manyan masu sayen zoɓon Najeriya. Daga gonakin Jigawa, Kano da Katsina, ta kasuwanni irin Maigatari, buhu ke tafiya har can. Da aka taɓa samun ƙwaro a kayan aka dakatar da shigarwa na wasu shekaru, manomin da bai taɓa jin kalmar roselle ba shi ya fara jin zafin a aljihu.

25/ Na biyu: desert rose, wardin hamada. Kariya ce. Eh, kariyar nan mai kumburarren gindi da ke fidda fure ja-ja da rani lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Sunanta na kimiyya Adenium obesum, daga garin Adan na Yaman. Danginta tumfafiya da kwankwani, ita ma ruwan jikinta dafi ne, an yi dafin kibiya da shi a wurare da dama na Afirka.

26/ Mu muna hana yara taɓa ta. A Tailan kuwa gonaki ake yi nata, ana aurar da iri, ana sa ta a tukunya ana aikawa Turai da Amurka da tsada. Ku rubuta desert rose a intanet ku ga farashi. Kariya ce dai, suna kawai aka canza mata.

27/ Na uku, wanda ya sa na yi zaren: rosewood. Asalin sunan na wasu itatuwan Barazil da Indiya ne, waɗanda in an yanka katakonsu yake ƙamshi kamar wardi. Daga baya 'yan kasuwa suka shimfiɗa sunan kan duk katako mai nauyi mai ja-ja. Da haka madobiya ta zama African rosewood.

28/ Wanda bai san ta ba: icce ne mai baƙin ɓawo mai kaushi, yana fure ruwan ɗorawa da hunturu bayan ya zubar da ganye. In ka sare shi sai ja ya fito kamar jini. Ɗansa fale-fale ne mai ƙaya a tsakiya, shi ya sa aka ce erinaceus, bushiya ke nan da Latin. Dangin wake ne, yana gyara ƙasa, gara ba ta cin katakonsa da sauƙi.

29/ Babban amfaninsa gare mu: yana tohowa ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, shanu sun rame. Makiyayi ya hau ya sassaro reshe, dabba ta kai damina. Duk wanda ya yi kiwo tsakanin Bukkuyum da Gummi ya san abin da nake faɗi.

30/ Turawa sun daɗe da sanin jinin nata. Likita John Fothergill ya shigar da shi magungunan Ingila a 1757 da sunan kino, kalmar Mandinka daga Gambiya, ana ba masu gudawa. Mungo Park ne a 1805 ya aika da samfurin da aka gane iccen da shi. A wannan tafiyar ya wuce Yawuri ya mutu a Busa. Amma lokacin ƙaro kawai ake ɗiba, icce na tsaye.

31/ Wanda ya haɗa sunayenmu da na kimiyya a takarda shi ne J. M. Dalziel, likita ɗan Sukotlan da ya yi aiki a Arewa. A 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, a 1937 kuma The Useful Plants of West Tropical Africa. Daga bakin manoma, maharba da masu magani ya ɗauko. Su suka ba da ilimin, sunansa ne a bangon littafi.

32/ Sai ƙasar Sin ta shigo. Suna da kujeru da gadaje na alfarma irin na zamanin daular Ming, 1368 zuwa 1644, da ake yi da jan katako, hongmu. A 2000 hukumarsu ta fitar da jerin itatuwa 33 da aka yarda a kira hongmu. Madobiya na ciki. Layi ɗaya a takarda, a birnin da kawu bai taɓa jin sunansa ba.

33/ Da masu kuɗi suka yawaita can, itatuwan kudu maso gabashin Asiya suka ƙare, sai dillalai suka juyo Afirka ta Yamma. Gambiya da Kasamas ta Sanagal, Benin, Gana, sai Najeriya. A kasuwar duniya kosso suke ce mata, a Taraba kuma madrid. Ƙasa ta ƙare, a matsa gaba, kamar fara.

34/ Taraba, Adamawa da Kogi sun ga abin da idonsu. Injin yanka ya shiga daji, a gyara gungume ya zama kusurwa huɗu, a loda a tirela, a cusa a kwantena a Legas. Cikin 'yan shekaru Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da wannan katako. Mai gona a ba shi na cefane, icce mai shekaru da dama ya tafi cikin minti kaɗan.

35/ Alƙaluma: rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka na 2016 ya nuna rosewood ya kai kashi 35 cikin 100 na darajar duk kayan daji da aka kama a duniya daga 2005 zuwa 2014. Ya fi hauren giwa. A 2017 ƙungiyar EIA ta ba da rahoton gungume miliyan 1.4 daga Najeriya, kimanin dala miliyan 300, da aka tsare a tashoshin Sin kafin a sake su.

36/ A taron CITES na Johannesburg a 2016 aka sa madobiya cikin jerin da ba a fitarwa sai da izini, dokar ta fara aiki Janairun 2017. Ƙarshen 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A 2022 aka faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen da take fitowa. Sai dai doka ba ta mai da icce kan kututturensa.

37/ Mu a Anka da Bukkuyum mun san abin da ke faruwa in farashin waje ya sauka ƙauye ba tare da bayani ba. Zinariya ta yi tsada a duniya, aka riƙa daka dutse cikin gida, a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a garuruwa irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Mai saye ya san sunan abin da yake saye. Mai daka bai san me ke cikin ƙurar ba.

38/ Shi ya sa na daina ganin kalmomin nan a matsayin wasan ƙamus. Sure yana zama roselle, kariya desert rose, madobiya rosewood, kuma a tsakanin sunan gida da sunan kasuwa ne ribar take ɓacewa. Wanda ya san sunayen biyu shi ke yanka farashi.

39/ Madobiyar da ta rage mana ma ba ta tsira ba. Daji ya gagari shiga saboda 'yan bindiga, sai gatari ya koma kan itatuwan kusa da gari, ana gawayi da itacen girki. Ban zargi kowa ba, tukunya sai da wuta. Amma a san wanda ake sarewa. Reshe daban, gindi daban.

40/ Roƙona ga 'yan uwana ɗalibai, musamman masu karatun noma, gandun daji da harsuna: in ka ga sunan tsiro da Turanci, nemi na kimiyya, sannan ka kira gida ka tambayi tsoho. Ka rubuta ukun a layi ɗaya. Dalziel ya yi nasa shekara fiye da 100 da suka wuce, tsofaffin da za su gyara mana kuma suna ta tafiya.

41/ Na kira kawu na ce masa iccensa na bayan gona ana kujerar masu kuɗi da shi a Sin. Ya yi dariya ya ce, "To ɗana, su zauna lafiya, ni shanuna za su ci." Na ce in wani ya zo taya shi fa? Ya ce sai dai bayan ransa. Allah ya ja da ran kawu.

42/ Nan zan tsaya. In a garinku madobiya, kariya ko sure suna da wani suna daban, da Hausa, Fulatanci, Dakarci ko Zabarmanci, ku rubuta a ƙasa tare da sunan garin, ina tarawa. Inda na yi kuskure a gyara mini, ɗalibi ne ni. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.